Mene ne "cc" ɗin da ake rubutawa a jikin babur?

Duk wanda ya taɓa tsayawa cinikin mashin ya san tambayar da ake fara jefa wa dillali, tun kafin a kai ga kuɗi: "Si-si nawa ne?" Ya ce 125, ko 150, ko 200, mai saye ya gyaɗa kai, a wuce zuwa maganar launi da taya. Amma da za ka tsayar da mutanen da ke wurin ka tambaye su abin da lambar ke nufi, amsoshin ba za su zo ɗaya ba. Wani zai ce gudu ne, wato mai 150 yana kai kilomita 150 a awa. Wani zai ce girman tanki ne. Na taɓa jin wanda ya rantse cewa nauyin babur ne. Duk ba haka ba ne.

Haruffan biyu gajarta ne na sunan wani ma'auni a Turanci, ma'aunin fili ko ciki. Ka ɗauki ɗan akwati mai tsawon santimita 1, faɗin santimita 1, zurfin santimita 1: abin da zai ci shi ne cc 1. Daidai yake da mililita 1, kuma cc 1,000 shi ne lita 1. Cc ɗin da ke jikin sirinjin asibiti, inda malamar jinya ke zuƙo 5 ko 10, shi ne dai na jikin babur, ba wani bambanci. Ledar fiya-wata mililita 500 ce, don haka injin 125 ɗin nan da yake ɗaukar ka, ya ɗauki maiɗakinka da yaro da buhun masara, cikinsa kashi ɗaya ne cikin huɗu na ledar ruwa.

To cikin me ake aunawa? Wannan sai a rumfar bakanike ake ganinsa da kyau. Ranar da aka sauke injin wani ɗan acaba a unguwarmu don canza ringi, na tsuguna ina kallo. Maigidan rumfar ya zare kan injin, ya ciro bulok, ya ɗaga shi sama yana leƙen cikin ramin da hasken rana, ramin nan sumul kamar cikin kofin silba, sai ɗan zane-zanen da ƙura ta yi masa. Yaron shagon ya ce, "Oga, wai a nan cc yake?" Ogan ya mayar da fistin cikin ramin, ya tura shi da babban yatsa har ƙasa, ya sake turo shi sama, ya ce, "Ka ga daga inda ya sauka zuwa inda ya tsaya? Wannan filin da ya share, shi ne cc ɗinka." Ban taɓa jin bayanin da ya fi wannan gajarta da daidai ba. Ramin shi ne silinda. Fistin yana kaiwa da komowa a cikinsa, kuma filin da yake sharewa a tafiya ɗaya, daga can ƙasa zuwa can sama, shi ake aunawa. Idan injin yana da silinda biyu ko huɗu, sai a haɗa nasu duka.

Lissafin ba shi da wuya, abu biyu kawai yake buƙata: faɗin ramin da nisan tafiyar fistin. Mu ɗauki Honda CG125, wanda ya fito a 1975, aka yi shi musamman don ƙasashen da hanyoyinsu ba su da kyau kuma masu mashin ba su cika juyen baƙin mai a kan lokaci ba. Shi ne kakan dubban injinan China da suka cika titunanmu. Faɗin raminsa milimita 56.5 ne, tafiyar fistin kuma milimita 49.5. Ka mayar da su santimita, ka ninka 5.65 da kanta, ka ninka abin da ya fito da 4.95, sannan da 0.7854, za ka samu 124 da ɗan ɗoriya. Wato 125 ɗin ma cikawa aka yi. Haka kamfanoni suke yi kusan ko'ina: Boxer ɗin Bajaj da ake kira 150 injinsa bai wuce kimanin 145 ba, Super Cub ɗin farko da Honda ta fitar a 1958 ana ce masa 50 alhali 49 ne. Wannan ba ha'inci ba ne, sunan aji ne kawai.

Daga wannan lissafi ne za ka gane wata magana da ake yawan yi a gareji, cewa an yi wa mashin borin, an sa babban fistin, don haka "ya ƙara cc". Ya ƙara, amma nawa? Idan aka faɗaɗa ramin CG da rabin milimita, ya koma 57, cc ɗin zai tashi daga 124 zuwa 126. Biyu kacal. Ƙarfin da mai mashin yake ji bayan gyara ba daga nan ya fito ba, daga sabon ringi ne da ya daina sakin iska. Kafin injin irin wannan ya zama 150 na gaske, sai faɗin ramin ya kai milimita 62, wato sai an canza bulok ɗin ɗungurungum.

Me ya sa ake damuwa da wannan ɗan fili? Saboda inji da numfashi yake rayuwa. Yana shaƙar iska haɗe da fetur, ya matse su, fulogi ya ba da wuta, su ƙone su tunkuɗa fistin ƙasa, hayaƙi ya fita ta salansa. Gwargwadon abin da ya shaƙa, gwargwadon tunkuɗar da zai samu. Ashe cc girman huhun inji ne. Mai babban huhu yana jan kaya ba tare da ya yi nishi ba, yana hawa tudu bai nemi a sauke masa giya ba. Shi ya sa adaidaita sahu, da yake ɗaukar mutum uku ko huɗu, ake sa masa inji mai kusan cc 200, ba 100 ba.

Sai dai a nan ne mutane da yawa suke ɓata, kuma nan ne nake so a tsaya a fahimta. Girman huhu abu ɗaya ne, yawan numfashi a minti abu ne daban. Injin 125 da ke juyawa sau 8,000 a minti yana shaƙa sau 4,000, domin sai ya juya sau biyu yake shaƙa sau ɗaya, wanda a takarda ya kai lita 500 ta iska a minti guda. Idan wani injin mai girma ɗaya da shi zai iya juyawa fiye da haka, bawul ɗinsa suna buɗewa sosai, ruwa ke sanyaya shi ba iska ba, to zai fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Royal Enfield Classic 350 na Indiya cc 349 gare shi, ƙarfinsa kimanin doki 20 a ma'aunin ƙarfin inji da ake kira ƙarfin doki. KTM 390 Duke na kafin 2024, mai cc 373, yana ba da sama da doki 40. Tazarar cc 24 ce kawai a tsakaninsu, amma ƙarfin ya ninka. Ba wai ɗaya ya fi ɗaya kyau ba ne. An yi na farkon don tafiya cikin natsuwa da bugun nan mai daɗin ji, na biyun kuma don zafin nama.

Idan aka hau zuwa manya, abin ya fi fitowa fili. Injin Harley-Davidson da ake kira 114, da yake Amurkawa da inci suke awo, cc 1,868 ne, amma Yamaha R6 mai cc 599, wanda bai kai kashi ɗaya cikin uku na girmansa ba, ya fi shi yawan doki kuma zai bar shi a baya a miƙaƙƙen titi, domin R6 yana juyawa fiye da sau 14,000 a minti. Triumph Rocket 3 na Ingila yana da cc 2,458 a silinda uku, ya fi injin Corolla 1.8 girma, wanda shi cc 1,794 ne a silinda huɗu. Duk da haka ba shi ne sarkin gudu ba. Kawasaki H2R cc 998 kawai gare shi, amma yana haura doki 300, saboda an sa masa na'urar da ke ɗura masa iska da ƙarfi fiye da abin da huhunsa zai shaƙa da kansa.

Akwai kuma bambancin nau'in inji, wanda tsofaffin mahaya suka sani a jikinsu ko ba su san sunansa ba. Wanda ya hau Suzuki AX100 ko Jincheng ɗin da aka kwaikwaya daga gare shi, mai shan mai haɗe da baƙin mai, mai ƙara siririya da shuɗin hayaƙi, ya san yadda yake fizga da zarar an murɗa. Irin wannan inji, da ake kira tu-sitirok, yana ba da wuta a kowane juyi ɗaya. Fo-sitirok kuwa, irin Boxer da TVS da CG, sai ya juya sau biyu yake ba da wuta sau ɗaya. Saboda haka cc 100 na wancan da cc 100 na wannan ba tafiyarsu ɗaya ba. Na farkon ya fi zafi, na biyun ya fi tattalin mai da daɗewa, kuma shi ya ci kasuwa.

Masu tseren duniya ma da wannan suka yi ta fama. Har zuwa 2001 babban ajin gasar babura na tu-sitirok ne mai cc 500. Da aka koma fo-sitirok a 2002 da sunan MotoGP, sai da aka ba su damar kaiwa 990 kafin su yi gogayya. A 2007 aka rage zuwa 800, a 2012 aka mayar 1,000. Gudun ya ci gaba da hawa har Brad Binder ya kai kilomita 366.1 a awa a filin Mugello na Italiya a 2023. An riga an sanar cewa daga 2027 za a sauko zuwa 850, kuma faɗin silinda ba zai wuce milimita 75 ba maimakon 81, duk don a rage gudu. Ka lura ba cc kaɗai suka taɓa ba, har faɗin ramin suka ƙayyade, domin sun san rami mai faɗi da gajeriyar tafiya shi ke ba inji damar juyawa da sauri.

Hukumomi suna son cc saboda lamba ce mai sauƙin dubawa. A Turai lasisin ƙananan babura ya tsaya a cc 125 da ƙarfin kilowat 11. A Indiya, inda Bajaj da TVS suke, tun Satumban 2025 harajin babur da bai wuce cc 350 ba kashi 18 ne cikin 100, wanda ya haura kuma kashi 40, ka ga amfanin tsayawa a 349. 'Yan'uwanmu masu acaba a Legas sun ɗanɗana wannan da kansu: dokar hanya ta 2012, zamanin Gwamna Fashola, ta hana su hanyoyi 475, ta kuma sa cc 200 a matsayin ƙa'idar hawa manyan tituna. Mai Boxer 100 ya wayi gari lambar da ke jikin injinsa ta raba shi da hanyar abincinsa. Kamfanonin haya ta waya suka sayo masu 200 don su cika sharaɗi, sai haramcin Fabrairun 2020 ya haɗa da su.

Abin da ke damuna shi ne yadda samari suka mayar da wannan lamba abin alfahari. Yaro bai gama sanin birkin gaba a kan roba-roba ba, ya samu kuɗi ko aron babban mashin mai 600 ko 1,000, ya hau ranar ɗaurin aure. Daga 125 zuwa 600 lambar ta ninka kusan sau biyar ne, amma ƙarfin yana iya ninkawa sau goma, daga doki 11 zuwa sama da 110. Hannun da ya saba murɗa totur har ƙarshe kafin mashin ya motsa, shi ne zai murɗa wannan, kuma wannan ba ya jira. Ni a ganina wanda zai hau manya ya bi matakala, ya yi shekara a kan 200 ko 250 tukuna, da hular kwano a kansa. Wanda kuma sana'a zai yi a cikin gari, 100 zuwa 125 ya ishe shi, ya fi tsimin mai kuma kayan gyaransa na kowane lungu. Mai zuwa ƙauye da kaya, ko mai ratsa yashi da tudu, shi ne 150 zai yi wa rana. Baburan lantarki da suka fara shigowa kuwa ba su da fistin balle silinda, don haka ba su da cc ko ɗaya, da kilowat ake auna su. Idan mai sayarwa ya ce maka na lantarkinsa 125 ne, kwatance yake yi.

In za ka sayi na hannu, kada ka tsaya ga sitikar da ke jikin tanki, domin sitika ko yaro zai iya liƙawa. Tsuguna ka goge gindin bulok da tsumma. A injina da yawa za ka ga an zuba lambar a jikin ƙarfen kansa, 124 ko 149 tare da alamar cm³, wato cc. A injinan China kuma duba lambar inji da ke gefen hagu, can ƙasa kusa da sandar giya. Idan ta fara da 156FMI ko 157FMI, silinda ɗaya ne mai faɗin milimita 56 zuwa 57, ajin 125. Idan 162FMJ ne, faɗinsa 62, ajin 150 ke nan. 163FML shi ne na ajin 200.