Littattafan Bin Diddigin Laifin da Aka Yi wa Yara: Tambayoyi da Amsoshi

Cikin ƙagaggun labaran bincike akwai wani rukuni da masu karatu kan ɗauka da ɗar-ɗar, wato waɗanda laifin da ake bin diddiginsa a kan yaro ko yarinya ya faɗa: sata, garkuwa, kisa, ko cin zali a cikin gida. Suna da kasuwa sosai, kuma ba sa rabuwa da muhawara. Ga wasu daga cikin tambayoyin da akan yi a kansu.

Wane irin littafi ake nufi?

Labari ne da ake buɗe shi da laifi, a ɓoye wanda ya aikata, sannan a sa wani ya bi sawu har ya kamo bakin zaren. Mai binciken kan zama ɗan sandan ciki, ko mai bincike mai zaman kansa da ake ɗauka haya, wani lokaci ɗan jarida, wani lokaci ma uwar yaron da kanta. Masana adabi kan ɗora farkon wannan salo a 1841, lokacin da Edgar Allan Poe na Amurka ya ƙirƙiro mai bincike Dupin, kafin Sherlock Holmes na Arthur Conan Doyle ya bayyana a 1887 ya mamaye fagen. Daga baya salon ya samu ƙa'idojinsa. A 1929 wani limamin coci ɗan Ingila, Ronald Knox, ya rubuta dokoki goma. A ciki ya ce dole a nuna mai laifin tun farkon labari, dole mai bincike ya bayyana wa mai karatu duk alamar da ya gani, kuma kada sa'a ko tsautsayi su warware masa ƙullin. Wasa ne na basira tsakanin marubuci da mai karatu.

To, da zarar an ce yaro ne aka zalunta, kalmar wasa sai ta yi nauyi a baki. A nan wannan rukuni ya rabu da sauran.

Me ya sa marubuta ke zaɓen yaro, alhali sun san abin zai sosa rai?

Saboda a labarin kisan babba, mai bincike na da inda zai fara: wa mamacin ya cuta, wa yake bin sa bashi, wa zai ci gadonsa. Yaro ɗan shekara huɗu ba shi da abokin gaba, ba shi da dukiya, bai yi wa kowa alkawari ya saɓa ba. Dole tambayar ta juya kan manyan da ke kewaye da shi: wa ke kula da shi a lokacin, wa ya kau da kai, wa ya ga wani abu ya yi shiru. Ta haka marubuci yake samun ƙofar shiga gida, makaranta, wurin ibada da ofishin 'yan sanda, ya duba yadda kowanne ya riƙe amanar da aka ba shi.

Akwai kuma dalili mai arha, kuma ba za a ɓoye shi ba: babu abin da ke kama zuciyar mai karatu da sauri kamar yaro cikin haɗari. Malalacin marubuci ya san haka.

Daga ina irin waɗannan labarai suka samo asali?

Da yawa daga jaridu. A watan Yunin 1860 an ɗauke wani yaro ɗan shekara uku daga gadonsa cikin dare a wani gidan masu hali da ake kira Road Hill, a kudu maso yammacin Ingila, washegari aka tsinci gawarsa a harabar gidan. Alamu sun nuna na gida ne ya yi. Hukumar Scotland Yard ta turo Jonathan Whicher, ɗaya daga cikin 'yan sandan ciki na farko da Landan ta samu. Ya zargi yayar yaron, wadda suke uba ɗaya, 'yar shekara 16, hujjarsa kuwa rigar barcinta guda da ta ɓace. Jama'a da jaridu suka yi masa ca, wai ɗan talakawa ya shiga gidan mutunci yana bincikar kayan 'ya mace. Aka sake ta, sunansa ya zube. Bayan shekara biyar, a 1865, ta fito da kanta ta amsa laifin. Wilkie Collins ya ɗauko siffar Whicher da batun rigar barcin ya saka a littafinsa The Moonstone na 1868, wanda ake lissafawa cikin littattafan bincike na farko a Turanci, ko da yake shi satar lu'ulu'u ya ɗora labarinsa a kai.

Na biyun ya fi shahara. Ranar 1 ga Maris 1932 aka sace ɗan matuƙin jirgin sama Charles Lindbergh, mai wata 20 a duniya, daga gidansu a jihar New Jersey ta Amurka. An biya kuɗin fansa dala 50,000, amma a watan Mayu aka gano gawar yaron ba da nisa da gidan ba. Wata 'yar aikin dangin da 'yan sanda suka matsa wa da tambayoyi ta kashe kanta, alhali ba ta da hannu. A shekarar majalisar Amurka ta yi dokar da ta mai da tsallaka iyakar jiha da wanda aka sace laifin tarayya. Marubuciya Agatha Christie ta gina Murder on the Orient Express, labarin kisa a cikin jirgin ƙasa, a kan wannan. Littafin ya fito a farkon 1934, watanni kafin a kama wanda daga baya aka yanke wa hukuncin kisa, wato ta rubuta shi a lokacin da duniya ke ganin mai laifin ya sha. Ba mamaki da labarin nata ya zama na ramuwa: wanda aka kashe a cikin jirgin ƙasan shi ne ya sace wata yarinya ya kuɓuce wa shari'a, kuma mai bincike Poirot ya gano gaskiya amma ya bar ƙofar da za a rufe maganar.

Shin gaskiya ne baƙo ne ya fi zama haɗari ga yaro, kamar yadda labarai da yawa ke nunawa?

A'a. Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya yi ittifaƙi cewa mafi yawan cutarwar da yara ke fuskanta tana zuwa ne daga wanda suka sani: dangi, maƙwabci, malami, abokin iyaye. Satar yaro da baƙo ke yi tana faruwa, amma ita ce mafi ƙaranci, sai dai ita ce ke cika shafin farko na jarida. Har likitoci sun daɗe ba su son kallon wannan gaskiya. Sai a 1962 likitan yara Henry Kempe da abokan aikinsa a Amurka suka buga maƙalar da ta sa aka fara yarda cewa karayar ƙashi da raunukan da ake gani a jikin wasu jarirai daga hannun masu renonsu suke.

Littafin da ya san aikinsa yakan yi amfani da wannan kuskuren na mai karatu. Zai ajiye maka wani baƙon mutum mai kama da mugu a bakin gari, ka zuba masa ido, alhali da ɗan gari akan ci gari. Wanda kuwa ya kawo dodo daga waje ya kashe shi a babin ƙarshe ya ba mai karatu kwanciyar hankalin da babu ita a zahiri.

Yaya ake yi da yaro idan shi ne shaida?

Wannan na daga wuraren da ake gane marubucin da ya yi bincike. Yaro na iya tuna abu daidai, amma yana saurin karkata ga abin da ya fahimci babba na son ji. Shari'ar makarantar renon yara ta McMartin a Kalifoniya ta zama darasi a kan haka: an fara zargi a 1983, aka yi wa ɗaruruwan yara tambayoyin da ke cusa musu amsa a baki, aka kai har 1990 ana shari'a, ba a samu kowa da laifi ba. Tun daga nan aka gyara hanya. Ƙwararren mai tambaya yanzu yakan ce wa yaro "faɗa mini abin da ya faru", ya yi shiru ya saurara, ba ya cewa "shi ne ya yi maka kaza, ko?" Ana naɗar hirar don kada a yi ta maimaita masa. Ƙasar Iceland ta buɗe wani gida na musamman a 1998 inda 'yan sanda, likita da jami'an jin daɗin jama'a ke haɗuwa wuri guda, maimakon a riƙa yawo da yaro ofis-ofis, kuma ƙasashen Turai da dama sun kwaikwaya.

Idan ka ga jarumin littafi ya ritsa yarinya da tambaya har ta fashe da kuka ta ambaci suna, aka kuma nuna hakan a matsayin gwaninta, to marubucin bai san abin da lauyan wanda ake zargi zai yi da wannan shaida a kotu ba.

Gwajin ƙwayoyin halitta bai kashe wa irin wannan labari armashi ba?

Ya dai sauya masa fasali. Abin lura shi ne, karo na farko da aka yi amfani da gwajin DNA wajen warware kisa, a kan yara ne: 'yan mata biyu masu shekara 15 da aka kashe a yankin Leicestershire na Ingila, ɗaya a 1983, ɗaya a 1986. Alec Jeffreys na Jami'ar Leicester ne ya gano dabarar a 1984. Aikinta na farko a wannan bincike shi ne wanke wani saurayi ɗan shekara 17 da ya riga ya amsa laifin da bai yi ba. Daga nan aka ɗebi samfurin jini ko yawu na maza kimanin 5,000. Mai laifin ya tura abokin aikinsa ya ba da jini a madadinsa, sai da aka ji abokin yana ba da labarin a cikin mutane sannan asiri ya tonu. An yanke masa hukunci a 1988. Na'ura ta yi nata, amma subutar baki ce ta kai 'yan sanda ƙofarsa, kuma a irin wannan giɓi marubuta ke ci gaba da samun abin rubutawa.

Dole ne a kama mai laifin a ƙarshe?

Tsohon salo ya yarda da cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Wanda ya fi kowa ƙalubalantar wannan shi ne Friedrich Dürrenmatt na Suwizalan. An nemi ya rubuta fim don faɗakar da iyaye, ya rubuta, a ciki aka gano mai kisan. Ƙarshen bai gamsar da shi ba, sai a 1958 ya fitar da littafin Das Versprechen, wanda ya yi wa laƙabi da makokin labarin bincike.

A ciki, ɗan sanda Matthäi ya yi wa mahaifiyar yarinyar da aka kashe rantsuwa cewa zai nemo wanda ya yi. Abokan aikinsa suka tsare wani ɗan koli, suka matsa masa har ya amsa, ya rataye kansa a ɗakin tsaro, aka rufe fayil. Matthäi bai yarda ba. Hujjarsa wani zane ne da yarinyar ta yi, na wani ƙato yana ba ta 'yan bushiyoyi, waɗanda ya gane cewa cakulan ne. Ya ajiye aiki, ya sayi gidan mai a kan hanyar da yake zaton mutumin ke bi, ya ajiye wata yarinya a wurin a matsayin tarko ba tare da uwarta ta san nufinsa ba. Lissafinsa daidai ne tun daga farko har ƙarshe. Sai dai mai kisan ya mutu a hatsarin mota a kan hanyarsa ta zuwa, babu wanda ya sani, Matthäi kuma ya ƙare rayuwarsa a zaune yana jira, hankalinsa ya gushe. A ganina babu littafin da ya kai wannan tona asirin salon, domin ya karya dokar Knox kan tsautsayi da gangan, ya kuma nuna mai binciken da ya jefa yarinya mai rai cikin haɗari don cika alkawarin da ya yi a kan wadda ta mutu.

Tana French ta Ayalan ta yi makamancin haka a In the Woods na 2007. Ta warware kisan da ake bincike a kai, ta bar tsohon ƙullin ɓatan wasu yara biyu a daji ba amsa. Har yau akwai masu karatun da ba su yafe mata ba.

Wannan ba neman kuɗi ba ne da baƙin cikin mutane?

Wani lokaci haka ne, kuma ba wuya a gane. Duba inda marubucin ya daɗe. Idan ya ɓata shafuka yana siffanta abin da aka yi wa jikin yaron, ko ya shigar da kai zuciyar mai laifin yana ƙawata ta, ya kauce. Gwanaye kan bar laifin a bayan labule, su nuna abin da ya bari: uwar da ta kasa taɓa ɗakin, ƙanin da aka manta da shi, maƙwabcin da zargi ya ɓata wa suna ko bayan an wanke shi. Sannan ka tambayi kanka ko bayan ka rufe littafin ka san yaron, abin da yake so da abin da yake tsoro, ko kuwa sunansa kawai aka ara don a ba ɗan sanda dalilin shan wahala.

Wa ya kamata ya karanta?

Littattafan manya ne, duk da cewa yara ne a tsakiyarsu. Wanda irin wannan abu ya taɓa shi ko wani nasa yana da cikakken haƙƙin ya ajiye littafin a duk shafin da ya ga dama.

Idan an gano yaron da rai, ai shi ke nan?

Ba koyaushe ba. A Gone, Baby, Gone na Dennis Lehane, wanda ya fito a 1998, masu bincike biyu, namiji da mace, a birnin Boston suna neman yarinya 'yar shekara huɗu. Uwarta ba ta kula da ita, takan bar ta ita kaɗai ta tafi sha'aninta. Da suka gano ta, sai suka tarar tana hannun mutanen da suka ɗauke ta don su raba ta da wannan sakaci, tana cikin ƙoshin lafiya da gata. Doka ta ce satar yaro sata ce, ko wace niyya aka yi ta da ita. Namijin ya zaɓi a mai da ta ga uwarta. Abokiyar aikinsa, wadda kuma ita ce masoyiyarsa, ta roƙe shi ya bar yarinyar inda take, da ya ƙi ta rabu da shi. Lehane ya koma kan wannan yarinya bayan shekara 12 a wani littafin, tana budurwa, ta sake ɓacewa, kuma mutumin da ya mai da ita gida shi aka sake kira ya nemo ta.