Shokazoba ba ta ɗaukar nauyin mota

An daɗe ana wannan kuskure a garejojin Farin Gada a Jos. Mutum ya ɗaura wa Hilux ɗinsa bambar ƙarfe da winci (injin janyo mota da igiya), gaban motar ya durƙusa, sai a ce masa, "Alhaji, sauya shokazoba kawai."

Ba aikinta ba ne. Sifirin ke riƙe nauyi, ita shokazoba hana motar tsalle-tsalle take yi bayan ta faɗa rami. Bamba da winci kuwa kan kai kilo 80 ko fiye, kuma can gaban tayoyi suke zaune, shi ya sa suke danne sifirin fiye da yadda ake zato. Ko ka sa sabuwar shokazoba fil, gaba zai ci gaba da dukan ƙasa a hanyar duwatsu.

Maganin shi ne sifirin mai ƙarfi daidai da nauyin da aka ƙara, sannan shokazobar da ta dace da shi. Zoben da wasu ke cusawa a saman sifirin tsayi kawai yake ƙarawa, ba ƙarfi ba. Ni dai ban yarda da shi ba.

Auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi da ke samanta kafin aiki da bayansa, don ganin yadda tsayin ya sauya. A ƙarshe a daidaita tayoyi, a duba saitin fitilu.