Karen Pekin

Karen Pekin, wanda masu jin Faransanci ke kira pekinuwa, ƙaramin kare ne mai dogon gashi da shafaffiyar fuska wanda asalinsa ƙasar Sin ce, kuma ya samo sunansa daga Pekin, wato yadda Turawa suka daɗe suna kiran birnin Beijin. Tsayinsa zuwa kafaɗa yakan kama daga santimita 15 zuwa 23, nauyinsa kilo 3 zuwa 6, yana kuma rayuwa shekara 12 zuwa 14. Gashinsa hawa biyu ne, na ciki mai laushi da na waje mai tsawo, wanda ya taru a wuya kamar gezar zaki.

Tarihi

An ce ya haura shekara dubu ana kiwonsa a fadar sarakunan Sin, inda talaka ba shi da ikon mallakarsa. Mafiya ƙanƙanta daga cikinsu a hannun riga ake ɗaukarsu, domin rigunan fada suna da faɗin hannu, kusan kamar babbar riga a wurinmu. Wata tatsuniyar Sinawa ta ce zaki ne ya kamu da son wata ƴar biri, ya roƙi a rage masa jiki a bar masa zuciyarsa, daga nan aka samu wannan kare.

Yaƙi ne ya fitar da shi daga fada. A watan Oktoba na 1860 sojojin Ingila da na Faransa suka wawashe fadar shan iska ta sarki da ke wajen Beijin bayan sarkin ya gudu, aka tarar da karnuka biyar, aka kwashe su zuwa Ingila. Wani hafsa mai suna John Hart Dunne ya miƙa ɗaya ga Sarauniya Biktoriya a 1861, aka raɗa wa karyar suna Looty, daga kalmar Ingilishi mai nufin ganima, abin da ya nuna ba su ma ɓoye hanyar da ta zo ba. Ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta yi wa irin rajista a 1906, kuma cikin karnuka uku da suka tsira daga nutsewar jirgin ruwan Titanic a 1912, ɗaya karen Pekin ne.

Hali

Kare ne mai ji da kansa. Yakan shaƙu da mutum ɗaya ko biyu a gida, ya yi biris da baƙo, kuma yana da taurin kai, saboda haka horonsa sai da haƙuri da lallashi; duka ba ya ƙara masa komai sai gardama. Ba ya tsoron karen da ya ninka shi girma, wanda hakan kan ja masa rauni. Ba ya jure wasan ƙananan yara masu jan kunne da wutsiya.

Kulawa

Babbar matsalarsa zafi ce. Kare da haki yake sanyaya jikinsa, shi kuwa wannan gajeren hancinsa da ƙuntatacciyar hanyar numfashinsa ba sa ba shi damar yin hakan yadda ya kamata. Ko a Ingila mai sanyi, karen Pekin da ya lashe gasar karnuka ta Crufts a 2003 sai da aka zaunar da shi a kan ƙanƙara lokacin ɗaukar hoto. A Damagaram, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, barinsa a tsakar gida da rana na iya kashe shi, don haka yana buƙatar ɗaki mai sanyi da ruwan sha a kullum, kuma ba a fita da shi sai da asuba ko bayan magariba. Wanda ya dogara da na'urar sanyaya ɗaki ya tanadi abin yi ranar da wuta ta ɗauke.

Gashin yana son tajewa sau da yawa a mako, in ba haka ba ya cukurkuɗe. Bayan damina ƙarangiya takan maƙale masa har sai an sa almakashi, kaska kuma tana samun maɓoya a ƙarƙashin gashin, shi ya sa ake rage masa tsawo, ba tare da an aske shi tas ba, kada rana ta ƙona fatar. Idanunsa manya ne a waje, ƙurar hunturu da ƙaya suna saurin ji musu ciwo, kuma ana goge lanƙwasar fatar da ke saman hanci a busar da ita. Tsalle daga wuri mai tudu yana taɓa masa ƙashin baya. Allurar rigakafin haukan kare wajibi ce, a wurin likitan dabbobi.

Dacewa

Ba ya farauta kamar dogayen karnukan Azawak na Buzaye, ba ya tsaron garke, gadinsa bai wuce haushi ba. Malamai sun halatta riƙe kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, sun saɓa a kan tsarkin jikinsa da yawunsa, kuma galibinsu ba su yarda da ajiye shi don sha'awa kawai ba. Ya fi dacewa da gida mai shiru, na manya, inda akwai mai lokacin taje shi da halin biyan kuɗin magani.