Don Allah a Daina Shayar da Lambu da Ruwan Ɗanyen Kashin Kaji

Tun da takin zamani ya yi tsada, gidaje da yawa sun koma ruwan taki: a jiƙa takin gargajiya a duro, a riƙa shayar da lambun bayan gida da shi. Dabara ce mai kyau, mu malaman gona muka koyar da ita, kuma raina yana yin fari idan na ga alayyahu da tumatir sun yi shar a cikin buhunan siminti da tsofaffin bokitai. Allah ya ƙara albarka, iyaye mata.

Amma abin da nake ta cin karo da shi ya ishe ni. A share akurki da safe, a kwashi kashin kaji ɗanye sharaf, a antaya a duro, bayan kwana biyu a ɗebo a kwarara a kan ganyen latas. Sai a kira ni wai shuka ta kamu da ciwo. In duba, gefen ganye ya ƙone ya yi ruwan ƙasa, ƙananan tsiron sun kwanta, duron kuma warinsa har ƙofar gida, ƙudaje sun yi dafifi a bakinsa. Ba ciwo ba ne, Hajiya, ɗanyen kashi ne. Zafi gare shi, ƙona saiwa yake yi.

Asarar shukar ma da sauƙi. Latas da kabeji da tumatirin salak ba a dafa su. Ɗanyen kashin dabba yana ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke sa gudawa da amai, kuma ɗauraya ɗaya ba ta fitar da su daga lungun ganye. Yaro ya ci, ya kwana yana zawo, a ce ai shawara ce ko haƙori. Haba jama'a! A Amurka, ƙa'idar noma da takin gargajiya ta ce sai an bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin amfanin da ke taɓa ƙasa. Mu kuma a zuba yau, a yanka jibi?

Na san uzurin: wai ɗanyen ya fi ƙarfi, wai ba a da lokacin jira. Ƙarfin nan shi ne yake kashe miki shuka. A tara kashin a gefe, a haɗa da ciyawa da busasshen ganye, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa har ya ruɓe ya yi baƙi, ya daina wari. Sannan:

- A ɗaure ruɓaɓɓen takin a buhu, a rataya cikin duron ruwa.
- A riƙa motsawa kullum, kamar mako 2.
- A sirka da ruwa har ya yi kalar shayin da bai yi kauri ba.
- A zuba a gindin shuka da yamma, ban da kan ganye.
- A dakata idan girbi ya matso, a wanke hannu da sabulu.

Duron kuma a rufe shi da murfi mai nauyi, saboda sauro da yara masu leƙe-leƙe. Wanda ya riga ya jiƙa ɗanyen kashi, ya juye shi a kan tulin takin da ke ruɓewa, ya wanke duron, ya sake sabo.