Ɗan tsakon dawisu mai tale ƙafa: a ɗaure tun ƙashi na ɗanye

Masu kiwon tsuntsayen ado a cikin birnin Kano, ga wata matsala da nake yawan cin karo da ita a gidajenku. An yi kwana 28 ana jiran ƙwan dawisu, ko a ƙarƙashin kaza kamar yadda muka saba yi wa ƙwan zabi, ko a injin ƙyanƙyasa. Tsako ya fito, washegari sai a tarar ya tale ƙafafu, ɗaya gabas ɗaya yamma, yana jan ƙirji. Sai a ce ai haka aka halicce shi, a zuba masa ido har ya mutu da yunwa dab da abinci.

Sau da yawa laifin na shimfiɗa ne. Mun fi son mu sa shi a kwali mai jarida, ko baho na roba, ko kan tayil, saboda sauƙin shara. Duk santsi ne. Ƙafar ɗan tsako ba ta yi ƙwari ba, in ta zame ta sake zamewa, a haka za ta zauna. A shimfiɗa tsohon tawul marar zare a waje ko buhun algarara a kwanakin farko, daga baya a koma diddigar katako.

In ya riga ya tale, a samo filasta irin ta ciwo, a tsaga ta a tsaye. A naɗa gefe ɗaya a ƙafar dama, tsakanin gwiwa da yatsu, ɗaya gefen a ta hagu, a bar tazara a tsakiya daidai yadda lafiyayyen tsako ke tsayawa. Kada a matse, jini na bukatar hanya. Zare da robar ɗaurin kuɗi kuwa, don Allah a bar su, yanka fata suke yi. Kullum a kwance a duba, a sake sabuwa, domin tsakon na girma. Wanda aka ɗaure a rana ta farko ko ta biyu yakan miƙe cikin 'yan kwanaki. Wanda aka bari ya yi mako, sai dai a gwada sa'a. Ranar farko zai riƙa faɗuwa, saboda haka a kai masa abinci da ruwa baki, a kuma zuba tsakuwa a mazubin ruwan kada ya kife a ciki.

Idan yatsu ne suka dunƙule, a yanka ɗan kwali kamar takalmi, a miƙe yatsun a kai, a liƙe da filasta. Ƙarancin bitamin B2 na kawo wannan, don haka a sa bitamin na kaji a ruwan sha.

Abinci ma muna gazawa. Tsaki da dusa ba za su riƙe dawisu ba. Yana son abinci mai furotin kamar kashi 28 cikin 100, irin na 'yan tsakin talotalo. In na kaji kawai aka samu, a ƙara masa dafaffen ƙwai a marmashe. Ɗumi kuma digiri 35 a makon farko, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan duk mako. Da hunturu, ga wutar da ba ta da tabbas, a tanadi kaskon gawayi, amma a bar kafar shan iska.

Akwai wadda filasta ba ta yi mata: gwiwa ta kumbura, ƙafa ɗaya ta murɗe gefe, tsakon ya ƙi taka ta. Jijiya ce ta goce daga mazauninta. Kada a ja, kada a ce za a yi ɗori a gida. A sa shi a kwali mai tawul a kai asibitin dabbobi, ko na Gwale ko wanda ya fi kusa, a ranar. In kuma 'yan tsaki da yawa ne suka fito da laulayin ƙafa daga inji ɗaya, a binciki zafin injin kafin a sake zuba ƙwai.