Daidaita wutar inji wajen sauke giya

Daidaita wutar inji wajen sauke giya dabara ce ta tuƙin mota mai giyar hannu, wadda direbobi ke kira manuwal. Abin da ake nufi shi ne a ɗaga juyin inji ya kai yadda ƙaramar giya ke buƙata kafin a saki kuloci, don kada mota ta fizga. Hanya biyu ake bi. Ta farko direba ne ke yi da ƙafarsa ta dama, ita ce ake kira dabarar dunduniya da yatsa. Ta biyu kwamfutar mota ce, wadda kanikawa ke ce wa birenbos, take ba inji wutar da kanta. An fi jin zancen a wajen masu motocin gudu da na tsere, amma asalin ilimin ɗaya ne da na tsofaffin direbobin manyan motoci, irin waɗanda har yau ake tararwa a tashoshin Zariya.

Dalilin yin ta

Kowace giya da nata rabo tsakanin juyin inji da juyin taya. Ɗauki misalin mota mai rabon 1.3 a giya ta uku da 2.0 a ta biyu. In injin na juyi 3,000 a minti ɗaya a giya ta uku, to a wannan gudun giya ta biyu tana neman kusan 4,600. Matsalar ita ce da direba ya ɗaga ƙafa daga totur ya taka kuloci, juyin injin ƙasa yake yi. In ya saki kulocin a haka, tayoyi ne za su finciko injin sama da ƙarfin tsiya: faifan kuloci ya sha guga, motar ta dungura kamar dokin da aka ja wa linzami ba shiri. A motar da tayoyin baya ke turawa, irin Peugeot 504, abin ya fi muni, domin tayoyin na iya cijewa na ɗan lokaci. In a kan jiƙaƙƙiyar kwalta ne ko hanyar burji, kuma a bakin kwana, bayan motar na iya kwashewa.

Yadda direba ke yi da ƙafa

Fedoji uku ne, ƙafa biyu, shi ya sa dole ƙafar dama ta yi aiki biyu. Direba zai taka birki da gaban tafin ƙafarsa, wajen gindin babban yatsa. Sai ya taka kuloci da hagu, ya zare giya. Kafin ya saki kulocin, sai ya karkata ƙafar daman ya ɗan doki totur sau ɗaya, ba tare da ya sassauta birki ba. Inji ya yi kuka ya hau, giya ta shiga, a saki kuloci. Duk wannan bai cika daƙiƙa ɗaya ba a ƙafar gwani.

Wahalar ba a dukan totur take ba, a riƙon birki take. Mai koyo yakan ƙara danna birkin ko ya sake shi lokacin da yake juya ƙafa, sai mota ta riƙa sallama da kai. Haka kuma a yawancin motocin yanzu gefen ƙafa ne ke taɓa totur, dunduniyar sunan kawai ta rage.

Tarihi

Motocin farko ba su da abin da ke daidaita gudun haƙoran giya kafin su haɗu. Wanda bai iya ba, sai dai a ji giyabos na ƙara kamar injin markaɗe. Don haka kowane direba sai ya koyi taka kuloci sau biyu: ya taka ya mai da giya firi, ya saki, ya ba da wuta, ya sake takawa, sannan ya saka ƙaramar giya. Wutar da ake bayarwa a firi ita ce ke juya sandar cikin giyabos har gudunta ya zo daidai. A lokacin nan wannan ba gwaninta ba ce, sharaɗin tuƙi ne.

Jerin fedoji ma bai zauna wuri ɗaya ba. Motoci da dama kafin Yaƙin Duniya na Biyu, har da na tsere na Italiya, totur ɗinsu a tsakiya yake, kuloci a hagu, birki a dama. Ana cewa daga wannan tsari sunan dunduniya da yatsa ya samo asali, tunda a nan ƙafa kan kwanta a kan fedoji biyun da gaske, ɗaya a dunduniya ɗaya a yatsu. Jerin da aka sani yau, kuloci, birki, totur, ana danganta farkonsa da Cadillac ta wajen 1916, kuma ƙaramar Austin 7 ta Ingila, wadda ta fito a 1922, ta taimaka wajen yaɗa shi. Duk da haka totur na tsakiya ya daɗe a motocin tsere har cikin shekarun 1950.

Babban sauyi ya zo ne da zoben daidaita giya, wanda injiniya ɗan Amurka Earl Thompson ya ƙirƙiro, Cadillac kuma ta fara sakawa a motocinta a 1928. Zoben kan goga ya daidaita gudun sassan biyu kafin haƙora su kama. A 1952 Porsche ta fito da nata samfurin a motar 356, wanda ya shafi dukkan giyoyin gaba. Daga nan taka kuloci sau biyu ya fara zama tarihi a ƙananan motoci. Sai dai zoben cikin giyabos kawai yake gyarawa. Tazarar da ke tsakanin juyin inji da gudun taya tana nan, don haka dukan totur bai rasa amfani ba, kuma a fagen tsere ya zama ma'aunin gwani.

Hoton da masu sha'awar wannan dabara suka fi ambato shi ne na Ayrton Senna, ɗan Burazil, zakaran Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, a 1988 da 1990 da 1991, yana tuƙa Honda NSX a filin Suzuka na Japan a farkon shekarun 1990, kyamara na kallon ƙafafunsa. Abin lura shi ne a daidai wannan lokaci fagen da ya yi suna a cikinsa yana barin dabarar. A 1989 Ferrari ta shigo da motar 640, ƙirar John Barnard, wadda ake canja mata giya da 'yan maɓallai a bayan sitiyari, kuma Nigel Mansell ya ci tseren farko da ita a Burazil. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 sandar giya ta ɓace daga Formula 1. A 1997 irin wannan tsari ya sauko kan titi a Ferrari F355, sannan a 2003 Volkswagen ta fito da giyabos mai kuloci biyu a Golf R32.

Na'urar da ke yi da kanta

Abin da ya buɗe ƙofa shi ne totur mai aiki da lantarki, wanda ya maye gurbin kebur. Tunda kwamfuta ce ke buɗe wa inji iska, tana iya ba da wuta ko ƙafa ba ta taɓa feda ba. Nissan 370Z, wadda ta fito a ƙarshen 2008, ita ce aka fi sani da fara haɗa wannan da giyar hannu ta sosai, da sunan SynchroRev Match. Sansoshi, wato 'yan na'urorin da ke gano motsi, a kuloci da sandar giya suna gaya wa kwamfuta giyar da direba ya nufa, ta duba gudun taya, ta lissafa juyin da ake buƙata, ta riƙe injin a wurin har a saki kuloci. Chevrolet Corvette ta 2014, Honda Civic Type R ta 2017 da Ford Mustang GT ta 2019 sun biyo baya, haka Porsche da BMW. Toyota na kiran nata iMT, kuma ta saka shi har a wasu samfuran Hilux. A yawancinsu akwai hanyar kashe shi.

Na'urar ba ta hana ɓarnar saka giyar da ta yi ƙanƙanta ga gudun mota. Wanda ya nufi ta huɗu ya faɗa ta biyu a babban gudu, tayoyi za su ja injin ya wuce iyakarsa, bawul-bawul su lanƙwashe.

Saɓanin ra'ayi

Masu goyon bayan na'ura na cewa ba ta kuskure, tana rage cin kuloci, tana kuma barin direba ya mai da hankali kan birki da sitiyari. Masu adawa na cewa wanda ya zaɓi manuwal don ya yi aikin da kansa ya zaɓa. An soki BMW M2 ta farko saboda ba a iya kashe mata na'urar sai an kashe tsarin hana santsi gaba ɗaya. A gasar Supercars ta Ostareliya an yi irin wannan muhawara, aka bar wa direbobi aikin a ƙafarsu.

A Zariya da kewaye

Motocin gudu masu giyar hannu ba su da yawa a titunan Zariya, kuma motocin gida da ake shigowa da su yanzu akasari otomatik ne. Amma dabarar ba baƙuwa ba ce. Direbobin tirela da tanka da ke yada zango a Mararrabar Jos, a kan hanyar Kaduna, da yawansu sun koyi tuƙi ne a manyan motocin da giyarsu ba ta da zoben daidaitawa, inda yaron mota ba ya zama direba sai kunnensa ya san kukan inji. Ba agogon juyin inji suke kallo ba, saurare suke yi, kuma ubangida na gane ƙwarewar yaronsa daga shirun giyabos. Direbobin 504, motar da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar Peugeot a 1975, wadda kuma ta ci gasar Safari ta Kenya a wannan shekarar, sun san ɗan ba da wuta kafin sauke giya wajen wuce babbar mota a hanyar Kano ko ta Funtuwa.

Akwai kuma wani amfani da larura ta koyar. Direban tasi da silon motarsa ya lalace, in ya shiga cunkoson Kwangila ko PZ, yakan riƙe birki da totur da ƙafa ɗaya don kada inji ya mutu, haka ma mai raunin hambirki a kan hawa. Motsin ƙafar ɗaya ne da na ɗan tsere, manufar ce ta bambanta. 'Yan acaɓa ma kan murɗa totur kaɗan kafin su sauke giya. Ilimin da ke bayan duk wannan, wato rabon giya da aikin kuloci, yana cikin abin da ɗaliban injiniyan kanikanci ke karantawa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, kuma a Zariya ne Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya take, wadda aka kafa a 1986.

Masu koyar da tuƙi na ba da shawarar a fara gwada dukan totur shi kaɗai, ba tare da birki ba, a fili ko hanyar da ba kowa, kuma da takalmi mai rufi da siririn tafi. Silifa na iya zamewa ko ta maƙale a ƙarƙashin feda.