Mai alhakin manhaja ba shi ke ɗora wa injiniyoyi kaya ba: abin da ƙa'idar Scrum ta tanada

Wata magana na yawo a tsakanin sababbin shiga aikin gina manhaja, har ta fara tsorata wasu. Wai a tsarin Scrum, wato hanyar da tawaga ke bi ta yi aiki zango-zango, mai alhakin manhaja (Product Owner) shi ne shugaba: ranar tsara zangon aiki (Sprint, ɗan lokacin da aka ƙayyade don yin wani kashi na aikin) zai zo da jerin ayyuka ya yanka wa kowa nasa, wanda bai gama ba kuwa ya saɓa alkawari, sai ya kuka da kansa. Akwai wuraren da ake yin haka, amma ba ƙa'ida ce ta ce a yi ba.

Ƙa'idar tana cikin Jagoran Scrum da Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka fara fitarwa a 2010, kuma bugun Nuwamban 2020 nake magana a kansa. Ta shafi mai alhakin manhaja, da masu gina ta, wato injiniyoyi, da mai kula da bin tsarin. Tawaga ɗaya ce, galibi ba ta wuce mutum 10, babu wani sama da wani a cikinta.

Zango ba ya wuce wata ɗaya, zaman tsara shi kuma ba ya wuce awa 8 idan zangon na wata ne. Abu uku ake warwarewa a zaman: amfanin wannan zango, abin da za a iya gamawa a cikinsa, da yadda za a yi aikin. Mai alhakin manhaja yana da ƙarfi a na farko. Shi ke jera ayyukan da ke jira, wane ne gaba wane ne baya, shi ke zuwa da shawarar abin da zai ƙara wa manhajar daraja, sannan tawaga duka ta haɗu ta tsayar da burin zango. A na biyu injiniyoyi ne ke zaɓar abin da za su ɗauka, bayan sun tattauna da shi. Na uku kuwa nasu ne kaɗai, ba mai gaya musu yadda za su yi.

A ce mai alhakin manhaja ya zo da ayyuka tara, na farkonsu bai wa mai amfani da manhaja damar sake kalmar sirri ta waya. Injiniyoyi suka duba abin da suka saba gamawa, suka ga biyu daga cikinsu za su tafi hutu, suka ce shida za su iya. Yana da ikon ya ce a musanya na huɗu da na takwas, ko a rage faɗin wani aiki don ya shiga. Ba shi da ikon ya ce dole sai tara.

To, idan ba a gama shidan ba fa? A nan ne tsoron ya fi yawa. Jagoran bai ambaci cin tara ko rage albashi ko rubuta wa wani takardar gargaɗi ba. Tun bugun 2011 aka mayar da abin da injiniyoyi ke zaɓa hasashe, ba alkawari ba. Abin da suka ɗaura wa kansu a bugun 2020 shi ne burin zango, kuma ana iya cim masa ko da wani aiki ɗaya ya rage. Hukuncin da ke akwai a kan aikin yake faɗawa: duk abin da bai cika ma'aunin kammalawa da aka amince da shi ba, ba a sakinsa ga masu amfani, ba a ma nuna shi a zaman duba aiki na ƙarshen zango, sai ya koma jerin jira. A ganina wannan adalci ne. Mutumin da ya san za a kama shi da hasashensa zai riƙa ɗaukar kaɗan don ya tsira, ko ya yi aikin gaggawa ya ɓoye gyare-gyare, kuma duka biyun manhajar ce ke asara.

Sai dai kada a ɗauka an bar mai alhakin manhaja hannu wofi. Mutum ɗaya ne, ba kwamiti ba, kuma duk mai son a sauya jerin ayyuka, ko da babban manaja ne, sai ya shawo kansa. Yana iya wakilta wani ya rubuta ayyukan, amma alhakin yana wuyansa. Nauyin ba kaɗan ba ne, domin shi ake tambaya idan an kashe wata guda a kan abin da ba wanda ke buƙata.

Akwai kuma iko guda da ake yawan fahimta a baibai: shi kaɗai ke iya soke zango. Ba don ransa ya ɓaci ko don aiki na tafiyar hawainiya ba, sai idan burin zangon ya daina amfani, kamar a ce kamfani ya fasa shiga kasuwar da ake gina abin dominta. Idan sabon aiki ne kawai ya taso a tsakiyar zango, zai zauna da injiniyoyi su daidaita, da sharaɗin kada a taɓa burin zango, kada kuma ingancin aiki ya ragu.